Kafin A Taka Totur: Yadda Ake Shirya Tsohuwar Mota Domin Tsere A Goodwood

A watan Satumbar kowace shekara, wani tsohon filin jiragen yaƙi da ke kusa da garin Chichester a kudancin Ingila kan koma tamkar an mayar da hannun agogo baya. Kwana uku ake yi ana bikin da ake kira Goodwood Revival, inda 'yan kallo ke shiga irin tufafin kakanninsu, motocin da suka ba shekara hamsin baya kuma su fito su yi tsere na haƙiƙa, ƙofa na gogar ƙofa.

Cikin tseren da suka fi jan hankali akwai na kofin St Mary's, wanda aka keɓe wa motocin salun, wato irin waɗanda magidanci ke ɗaukar iyalinsa a ciki. Idan shekarar ta faɗo kan motocin zamanin 1960, a layi ɗaya ake jera Ford Galaxie ta Amurka mai injin lita 7, da Lotus Cortina mai lita 1.6, da 'yar ƙaramar Mini Cooper S mai lita 1.3. A miƙaƙƙiyar hanya Galaxie kan yi musu fintinkau, amma da zarar an doshi kwana sai a ga ƙananan sun manne mata kamar ƙuda.

Wannan abin mamaki yana da tushe a gareji. Masu shirya irin waɗannan motoci suna da jerin da suke bi: takarda da farko, sannan kariyar ran direba, sai birki, sai taya da daidaiton ƙafafu, injin kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri ya fara da injin, yakan ƙare da mota mai gudun da ba ta iya tsayawa, ko kuma wadda alƙalai ba za su bari ta shiga fili ba.

Filin da motar

Tseren da ake magana a kai ya sha bamban da na jeji irin Safari ta gabashin Afirka, wadda Peugeot 504 ta lashe a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Ya kuma bambanta da na Amurka da ake yi a fili mai siffar ƙwai, inda hagu kawai ake karya sitiyari. Wannan rufaffiyar hanya ce ta kwalta mai kwana dama da hagu, inda ake buƙatar motar ta yi gudu, ta tsaya, ta juya, ta sake yin haka zagaye bayan zagaye.

Hanyar Goodwood tana da tsawon mil 2.4, kimanin kilomita 3.8. Asalinta titin da ya kewaye sansanin sojin sama na Westhampnett ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An buɗe ta domin tsere ranar 18 ga Satumban 1948, aka daina tsere a kanta a 1966, sannan aka farfaɗo da shi a 1998, daidai cika shekara hamsin da buɗewa. Kowace kwana da sunanta: Madgwick, Fordwater, St Mary's, Lavant, Woodcote, sai wani ɗan matsattsen lanƙwasa da aka ƙara a 1952 domin rage gudu gab da layin gamawa. Ana zagaya ta ne ta hanyar da hannun agogo ke bi, don haka mafi yawan kwanonin na dama ne, kuma masu sauri ne. Wannan ƙaramin bayani yana shafar kusan duk shawarar da makanike zai yanke.

Lotus Cortina kuwa ita ce misali mafi dacewa. An haife ta ne a 1963, bayan da Walter Hayes na kamfanin Ford ya nemi Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya ɗauki Cortina ta talakawa ya mayar da ita motar tsere. Chapman ya sa mata injin mai kamshaf biyu da kafireta biyu ƙirar Weber, mai ƙarfin doki 105. Ya musanya ƙofofi da murfin injin da na but da na alminiyam, ya kai batir can baya, aka fesa mata farin fenti da koren layi a gefe. A fitowarta ta farko a Oulton Park cikin Satumban 1963 ta zo ta uku da ta huɗu, a bayan Galaxie biyu, amma a gaban motocin Jaguar da suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. A 1964 Jim Clark ya lashe gasar salun ta Birtaniya da ita, a 1965 kuma John Whitmore ya ɗauki kofin Turai.

Fayil kafin sifana

Duk ma'aikacin da ya san darajar fayil zai fahimci matakin farko. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da kundin ƙa'idoji na tsofaffin motoci mai suna Appendix K, wanda ya raba su gida-gida bisa shekaru. Cortina ta faɗa rukunin F, na motocin 1962 zuwa 1965. Ginshiƙin ƙa'idar shi ne a mayar da motar yadda irinta ta yi tsere a zamaninta, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai mota.

Hujjar farko ita ce takardar amincewa da kamfani ya shigar gaban hukumar tun a wancan lokaci. Ƙa'ida ta buƙaci Ford ta ƙera Lotus Cortina dubu ɗaya kafin a karɓe ta a ajin da ta nema, kuma a wannan takarda aka rubuta girman injin, faɗin wili, irin birki, adadin haƙoran giya da mafi ƙarancin nauyi. Da ita ake auna motar yau. Idan ta dace, sai a ba ta fasfon fasaha da ake kira HTP, mai ɗauke da hotuna da ma'aunai, wanda ke aiki shekara goma.

Takardar ce ma ke yanke hukunci kan abin da ake zaton ra'ayin makanike ne. Cortina ta farko tana da ƙafafun baya na musamman, masu naɗaɗɗen sifirin da wani ƙarfe mai siffar harafin A da aka ɗaure a jikin bakasul. Tsarin yana riƙe hanya, amma yana wahalar da bakasul ɗin har ya riƙa sassauta notuna yana zubar da mai. A 1965 kamfanin ya koma ga sifirin mai falle-falle irin na Cortina GT. Mai shirya mota a yau dole ya zaɓi ɗaya daga cikin tsarin biyu ya tsaya a kansa, domin ba a yarda ya tsinci abin da ya yi masa daɗi daga kowace shekara ya haɗa ba. Wanda ya sayi kaya kafin ya karanta takarda yakan biya kuɗin aiki sau biyu, na ɗaurawa da na kwancewa.

Ran direba

Wuri ɗaya ne ƙa'idar ta sassauta batun zamani, har ma ta tilasta a saɓa masa, wato kariyar rai. Tarihin filin kansa ya isa dalili. A kwanar St Mary's ne Stirling Moss ya yi hatsarin 1962 da ya jefa shi doguwar suma, ya kuma kawo ƙarshen tserensa a matakin ƙoli. A wannan fili ne kuma Bruce McLaren ya rasa ransa ranar 2 ga Yunin 1970 yana gwajin sabuwar mota, bayan bodin baya ya ɓalle ana tsakiyar gudu.

Aikin yana farawa da kwance motar kaf, har sai gangar jiki ta zama tsirara. Tsatsa ta fi son ɓuya a daidai wuraren da ke ɗaukar nauyi: ƙasan ƙofofi, saman da shakazoba ta gaba ke ɗaure, da mazaunin sifirin na baya. Bodin da ya ruɓe yana murɗewa a kwana, kuma duk daidaitawar da aka yi wa ƙafafu a kansa aikin banza ce. Daga nan sai a tura ƙarafan sitiyari, da sandunan da wili ke juyawa a kai, da wilin kansu wurin gwajin tsaga, inda ake amfani da maganaɗisu ko wani rini mai ratsa ƙarfe domin fito da tsagar da ido ba ya gani. Ƙarfen da ya shekara sittin yana aiki ya gaji, ko da kuwa yana sheƙi.

Sai kejin ƙarfe, wanda ake kafawa a cikin motar a kan faranti masu kauri domin kada ya huda daɓe idan ta kife. A 1963 irin wannan keji ne ya jawo wa Galaxie ta Jack Sears taƙaddama, domin masu binciken motoci na Birtaniya sun ga yana ƙara wa bodi ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba. Yau kuwa salun marar keji ba ta wuce teburin bincike.

Sauran kayan duk suna da tambari da kwanan wata: kujera ta musamman, ɗamara mai harsuna huɗu zuwa shida wadda wa'adinta shekara biyar ne, hular kwano, abin tallafe wuya, da tufafin da wuta ba ta saurin ci. Akwai tukunyar kashe gobara mai bututu zuwa injin da wurin direba, da makunnin da ke yanke wutar motar baki ɗaya, wanda dole ma'aikacin ceto ya iya kaiwa gare shi daga waje. Tankin mai kuma ana cusa masa soso na musamman a raba shi da wurin zama da bangon ƙarfe. Darasin ya samo asali daga irin abin da ya faru da Jackie Stewart a Spa ta Beljiyam a 1966, inda ya maƙale cikin motarsa kusan minti 25 fetur na kwarara a jikinsa, har sai da Graham Hill da Bob Bondurant suka ari sifana wurin ɗan kallo suka kwance sitiyarin.

Birki, inda ake cin tsere

Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi. Idan gudu ya ninka biyu, zafin da birkin zai haɗiya ninkawa huɗu yake yi, haka kuma yana ƙaruwa da nauyin mota. A nan ne Cortina, wadda ba ta kai tan ɗaya ba, take rama abin da Galaxie mai fiye da tan ɗaya da rabi ta yi mata a miƙaƙƙiyar hanya: direbanta kan jinkirta taka birki, ya shiga kwana da ragowar gudu. Tun a 1953 Jaguar ta tabbatar da wannan a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, lokacin da motarta C-type mai birkin faifai ta doke abokan hamayya masu birkin ganga.

Da yake ƙa'ida ta hana ƙara girman faifai ko sauya birkin ganga na baya, aikin ya koma kan ƙananan abubuwa. Ana sa takalmin birki mai jure zafi, a maye tsofaffin tiyo na roba da masu saƙar ƙarfe waɗanda ba sa kumbura, a buɗe wa iska hanya zuwa faifai gwargwadon yadda aka yarda. Ana kuma raba layin birki gida biyu, domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da motar.

Abin da aka fi rainawa shi ne man birki. Mafi ƙarancin zafin da sabon mai ajin DOT 4 ke tafasa shi ne digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma yana tsotsar damshi daga iska, kuma idan ya jiƙa ma'aunin na iya sauka zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai kumfa ta cika layi, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi ƙasa babu abin da ya kama. Shi ya sa masu tsere ke amfani da mai mafi juriya, suna kuma zubar da shi su sake sabo a kai a kai. Daga ƙarshe sai a daidaita rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, ta yadda tayoyin gaba za su riga na baya kullewa. Idan na baya suka riga, motar juyawa take yi kamar katantanwa.

Taya da daidaiton ƙafafu

Motocin wannan rukuni ba su da zaɓi a kan taya. Dunlop ce ta tsere mai tsohuwar ƙira, wadda aka fi sani da CR65, siririya, zaren cikinta kuma a gicciye aka saƙa shi, saɓanin tayoyin zamani. Riƙonta kaɗan ne, amma tana sakin hanya a hankali, tana ba direba labari kafin ta ƙwace. Wannan ne dalilin da ake ganin motocin Goodwood suna sulɓi a karkace cikin kwana. Tsarin ƙafafun da ya dace da tayar zamani ba ya aiki a kanta: ba ta son a kwantar da kanta ciki da yawa, kuma sifirin mai tsananin tauri yana sa ta tsalle maimakon ta kama kwalta.

Kafin a taɓa komai, ana ɗora motar a kan sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, da direba a zaune da man da za a yi tsere da shi. Abin nema shi ne nauyin gaban hagu da na bayan dama su tashi rabin jimilla, domin halin motar ya zama ɗaya a kwanar dama da ta hagu. Daga nan sai tsayinta daga ƙasa, sai kwanciyar taya, sai yadda bakin tayoyin gaba ke kallon juna.

Hali biyu ake yaƙi da su. Akwai motar da ke ƙin juyawa, a karya sitiyari hancinta ya ci gaba da tafiya waje. Akwai kuma wadda bayanta ke son riga gabanta fita. Ƙa'idar gyaran ita ce, ɓangaren da aka ƙara wa tauri shi ke rasa riƙo. Hoton da aka fi sanin Jim Clark da shi, Cortina na shan kwana tayar gaba ta ciki a sama, sakamakon zaɓi ne da aka yi da gangan: an taurara gaba da sandar hana tangaɗi, aka bar baya da laushi domin tayoyin da ke tura motar su zauna daram a ƙasa.

Taya ce ke faɗin gaskiya. Da motar ta shigo daga fili, makanike kan caka ma'aunin zafi a wuri uku na kowace taya: gefen ciki, tsakiya da gefen waje. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu suka fi, ta yi kaɗan. Idan gefen waje ne kaɗai ke ƙuna, tayar na buƙatar ƙarin kwanciya. A Goodwood tayoyin hagu ne ke shan wahala saboda yawan kwanar dama, don haka ba lallai ne iskar da aka fara da ita ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu ba.

Sai injin

Ko da aka iso kan injin, tambayar farko ita ce ko zai kai ƙarshen tsere. Babban makashinsa a fili irin wannan shi ne gudun baƙin mai. A doguwar kwana mai sauri kamar Madgwick ko Fordwater, man da ke kwanon ƙasan injin kan taru a gefe guda, famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa su cinye metal ɗin karanshaf. Maganin shi ne a walda shingaye da 'yan ƙofofi cikin kwanon domin su tsare man kusa da bakin famfo, a kuma sa babbar fitilar gargaɗi a inda idon direba ba zai kauce mata ba. Tsofaffin injuna suna kuma buƙatar baƙin mai mai isasshen sinadarin zink domin kare kamshaf, sinadarin da aka rage a yawancin man motocin zamani.

Bayan haka sai sanyaya: lagireto mai tsabta, na'urar sanyaya baƙin mai, da toshe duk kafar da iska za ta bi ta kauce wa lagireton. Sai a daidaita kafireta a kan injin gwaji, domin cakuɗin da fetur ya yi ƙaranci a cikinsa yana ƙona fistin. Wannan aiki ya sake tasowa a 2024, lokacin da Goodwood ta wajabta wa duk motocin bikin amfani da man da aƙalla kashi 70 cikin ɗari nasa ba daga ɗanyen man ƙasa aka samo shi ba. Giyar bakasul kuma ana zaɓen ta ne ta yadda injin zai kai ƙololuwar juyinsa daidai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Lavant, gab da birkin Woodcote. Sai an kammala duk wannan ake neman ƙarin doki, cikin iyakar girman injin da takarda ta rubuta.

Ranar gwaji da ranar hisabi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da aka gama haɗawa tana buƙatar ranar gwaji, kuma zagayen farko na neman yoyo ne da sauraren ƙara. Bayan nan doka ɗaya ce: a sauya abu ɗaya tak, a fita, a dawo, a rubuta. Iskar taya, zafin kwalta, lokacin zagaye da bayanin direba duk suna shiga littafi. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko motar ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba. Bayan kowace fita ana bin notuna da sifana, ana ɗiga musu fenti domin a gane wanda ya motsa.

A Goodwood akwai ƙarin sarƙaƙiya. Shiga bikin sai da gayyata, kuma kofin St Mary's kashi biyu ne: ƙwararren direba ya tuƙa a rana ɗaya, mai motar a ɗaya ranar, sannan a haɗa sakamakon. Motar da aka ɗaure ta yi kaifi domin zakaran duniya na iya zama tarko ga mai ita, don haka ake neman tsakiya, wadda dukansu biyu za su amince da ita.

Akwai kuma muhawarar da ba ta mutu ba a wannan fage. Fasfon HTP yana tabbatar da cewa ƙirar motar ta dace da zamaninta, amma ba ya shaidar cewa ita ce ainihin wadda ta yi tsere a wancan lokaci. Da ƙarafan zamani da injunan sassaƙa masu aiki da kwamfuta, Cortina ta yau ta zarce ta Clark ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali a ido iri ɗaya suke. Wasu na ganin an kauce wa manufar adana tarihi, wasu kuma na cewa gara a ragargaza sabon ƙarfe a bar na asali ya huta. Masu motocin da ke da tarihi na gaske kuwa suna cikin tsaka mai wuya, domin kowane tsere na iya cinye wani sashe da ba za a sake samun irinsa ba.

Masu binciken motoci ba su shiga wannan gardama. Kafin tsere sukan duba kwanan watan ɗamara, su gwada makunnin wuta, su gwama motar da hotunan fasfonta. Bayan tsere kuma ana tsare motocin da suka yi nasara a wani killataccen wuri da makanike ba ya taɓa su, a ɗora su a sikeli, wani lokaci har a buɗe injin a auna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan ma'auni ya saɓa wa abin da ke fayil, kofin na komawa ga motar da ta zo a baya.